Gona, Masana'anta da Asibiti: Ƙaramar Hukuma Za Ta Iya Riƙe Su?

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar na Tarayya, Lateef Fagbemi, ya shigar a kan gwamnonin jihohi 36. Mai Shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta babban hukuncin, kuma abu biyu ne mutane suka riƙe a cikinsa: kuɗin ƙananan hukumomi 774 su riƙa shiga asusunsu kai tsaye, sannan gwamna ba shi da hurumin rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomi. An yi ta jan ƙafa wajen aiwatarwa, amma gardamar da hukuncin ya tayar ba ta jira kowa ba. A Kano, jihar da ta fi kowace yawan ƙananan hukumomi da guda 44, mutane sun bar wa lauyoyi zancen doka, sun kama abin da ya dame su. Idan kuɗin ya iso sakatariyar Kura ko Kumbotso ko Dawakin Tofa, manomi zai ga riba? Masana'anta za ta buɗe ƙofa? Mai naƙuda za ta tarar da ungozoma cikin dare?

Abubuwan nan uku a wurinmu ɗaure suke da juna. Shinkafar da aka noma a Kura ita ke ciyar da injinan casa. Fatar da aka feɗe a mayanka ita ke shiga majemun Challawa da Sharaɗa. Riɗi da zoɓon da ake saukewa a Dawanau suna jiran kamfanin da zai gyara su kafin a fita da su waje. Manomin da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar a tsakiyar damina ba zai fita huɗa ba, gidan da jinya ta cinye masa amfanin bana kuwa ba zai sayi taki baɗi ba. Don haka duk wanda aka damƙa wa ɗaya daga cikinsu, ukun aka damƙa masa. Ya kamata a saurari ɓangarori biyu na gardamar da kyau kafin a ce wane ne ya fi hujja.

Masu cewa a sakar musu mara

Hujjar farko ta wannan ɓangare kusanci ce: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kwamishina da ke sakatariyar Audu Bako ya san jiha na buƙatar hanyoyin karkara, amma kansila ne ya san kwalbatin da ruwa ya cinye bara, wanda ya sa motar kaya ta daina shiga ƙauyuka uku, har aka koma fito da kwandon tumatir a bayan babur, rabinsa ya tumurmushe kafin ya kai bakin titi. Aikin da zai gyara wannan ba ya kai ƙimar da za a kira 'yan jarida a yanke ƙyalle, shi ya sa ba ya shiga lissafin jiha. Ga mutanen ƙauyukan kuwa, shi ne bambancin riba da asara.

Hujja ta biyu doka ce. Jadawali na huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya zayyana aikin ƙaramar hukuma: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, tituna da magudanan ruwa, kwashe shara, rajistar haihuwa da mutuwa. Ya kuma sa ta cikin harkar ilimin firamare, bunƙasa noma da kula da lafiya. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ta ikon ba da izinin filin noma a karkara har hekta 500, na kiwo har hekta 5,000. Masu wannan ra'ayi suna cewa ba sabon iko suke nema ba. Aikin da doka ta riga ta ɗora musu suke son a bar su su yi.

Hujja ta uku ita ce mafi zafi, wato asusun haɗin gwiwa. A tsarin rabon arzikin ƙasa, ƙananan hukumomi na da kashi 20.60 cikin ɗari, jihohi 26.72, tarayya 52.68. Sashe na 162 na tsarin mulki ya ce kason ƙananan hukumomi ya bi ta wani asusu na haɗin gwiwa a jiha, kuma ta wannan ƙofa gwamnoni suka riƙa yanke abin da suka ga dama da sunan ayyukan haɗaka. Gadar sama a cikin birni tana iya cin kuɗin da aka ware da sunan mutanen Doguwa ko Tsanyawa, waɗanda ƙila sau ɗaya a shekara suke hawa ta. A 2019 hukumar NFIU mai sa ido kan hada-hadar kuɗi ta yi ƙoƙarin toshe wannan kafa, ta taƙaita cire tsabar kuɗi daga asusun ƙaramar hukuma zuwa naira 500,000 a rana, gwamnoni suka garzaya kotu. Saboda haka, in ji wannan ɓangare, zalunci ne a ce ciyaman ya gaza alhali bai taɓa riƙe kuɗinsa ba.

Sai kuma tarihi. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, En'e ce da kuɗin Baitulmali ta jawo ruwan famfo daga Challawa, ta kawo wutar lantarki, ta gina asibitin cikin birni wanda a yau ake kira Asibitin Murtala. Tana da duba-gari, da malaman gona, da malaman dabbobi. Wasu ma sukan tsallaka har ƙasar Sin, inda masana'antun garuruwa da ƙauyuka, waɗanda hukumomin yankunan suka tsaya musu, suka ɗauki ma'aikata fiye da miliyan 100 a tsakiyar shekarun 1990. Idan hukumar gida ta taɓa yi a nan, ta kuma yi a can, me zai hana ta yi yanzu?

Masu cewa a bi a hankali

Ɗaya ɓangaren bai musanta cewa gwamnoni sun yi yadda suka so da asusun haɗin gwiwa ba. Tambayarsu ita ce: wa za a miƙa wa kuɗin? A zaɓen ƙananan hukumomin Kano na Janairun 2021, APC mai mulki a lokacin ta lashe kujeru 44 duka. A na Oktoban 2024, NNPP mai mulki a lokacin ta lashe 44 duka, haɗe da kansiloli 484. Haka abin yake a kusan kowace jiha, ko wace jam'iyya ce ke gidan gwamnati. Ciyaman ɗin da gwamna ya tsayar, hukumar zaɓen jiha ta bayyana, ya san wanda ya ɗora shi, kuma wurinsa zai kai caffa. Kuɗin zai iya shiga asusunsa da safe, ya koma inda aka umarta da yamma, sai dai wannan karon babu ko takardar da za ta nuna hanyar da ya bi.

Suna kuma tuna wa mutane abin da ya faru a 1991, lokacin da gwamnatin Babangida ta rushe hukumar ilimin firamare ta ƙasa, ta mayar da albashin malamai hannun ƙananan hukumomi. Malamai suka yi watanni babu albashi, yajin aiki ya rufe makarantu, har aka dawo da hukumar a 1993. Wannan tabon ne ya sa ƙungiyar malamai ta NUT ta daɗe tana cewa ko za a ba da 'yanci, a cire albashin malamai daga ciki. Ma'aikatan asibitocin karkara ma tsoronsu ke nan. Kuma a yau, bayan an cire albashin malamai da na ma'aikatan lafiya da fansho da kason masarauta, abin da ke saura a ƙaramar hukuma mai yawan ma'aikata bai taka kara ya karya ba, musamman da mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024.

Hujjarsu ta uku girman matsalar ce. Me ya rufe masaƙun Kaduna, tun daga Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957 har zuwa UNTL da ta tsaya a 2007? Me ya mayar da filayen kamfanoni da yawa a Bompai da Sharaɗa sito-sito? Rashin wuta ne, da tsadar dala tun daga tsarin SAP na 1986, da kuɗin ruwan banki, da atamfar waje da ake shigowa da ita ta bayan fage. A Afrilun 2024 kuɗin wutar rukunin Band A ya ninka fiye da sau uku a dare ɗaya. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ciyaman ɗin Nassarawa ko na Kumbotso ke da ta cewa a kai. Haka madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Audu Bako, da magudanan da ke shayar da gonakin Kadawa: hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke riƙe da su, ita kuwa ta tarayya ce.

Game da En'e, suna cewa a faɗi tarihin gaba ɗaya. Baitulmalin da ya gina asibiti da haraji da jangali aka cika shi, kuma an san yadda dogarai suka riƙa karɓarsu. Wannan ƙunci ne ya haifi gwagwarmayar NEPU da PRP, kuma shi ya sa talakawa suka yi murna lokacin da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Kano a 1979. Ko a yau ma, abin da ɗan kasuwa ya fi sanin ƙaramar hukuma da shi shi ne rasit: na shago, na allon talla, na sauke kaya, na shingen da ke kan hanyar kasuwa. Motar hatsi ko ta shanu kan biya a wurare da dama kafin ta isa inda za ta, kuma a ƙarshe manomi da mai saye ne ke ɗauka. Tsoronsu shi ne 'yanci ya zama ƙarin masu riƙe da rasit.

Waɗannan hujjoji duka suna da nauyi. Amma idan aka ɗora su a kan gona daban, masana'anta daban, asibiti daban, za a ga nauyin ba ɗaya ba ne a ko'ina.

A gona

Abin da aka saba kira tallafin noma a ƙaramar hukuma shi ne rabon taki. Tirela ta zo, a kasa wa mazaɓu, buhu ya bi layin jam'iyya, wani lokaci ya iso bayan an wuce lokacin zuba shi, wani kuma ya ɓulla a kasuwa. A nan masu cewa a bi a hankali sun yi gaskiya: ƙarin kuɗi zai iya zama ƙarin irin wannan rabo. Sai dai taki ba shi ne babbar buƙatar da manomi ba zai iya biya wa kansa ba. Manomi zai iya sayen buhu idan amfaninsa ya yi daraja. Abin da ba zai iya yi shi kaɗai ba shi ne hanyar burji zuwa bakin titi, rumfar da za ta kare kaya daga rana a kasuwa, siton ajiya, awo na gaskiya, burtalin da aka shata aka kuma tsare don kada shanu su faɗa gona, da malamin gona da ya san ƙasar wurin.

Labarin kamfanin tumatir na Dangote a Kadawa ya isa darasi. An buɗe shi a 2016 da ƙarfin sarrafa tan 1,200 a rana, a tsakiyar yankin da tumatir ke ruɓewa a Kwanar Gafan duk lokacin da ya yi yawa. A shekarar ce tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki, kamfanin ya rasa abin niƙawa ya tsaya, kuma bayan an sake buɗe shi ma samun isasshen tumatir a farashin da kowa zai yarda ya ci gaba da zama matsala. Inji yana nan, ruwa yana nan, manoma suna nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne na tsakani: iri mai yawan yabanya, masu faɗakar da manoma da wuri idan ƙwaro ya ɓulla, ƙungiyoyin da za su ƙulla ciniki da kamfani su kuma cika alkawari. Binciken iri aikin cibiyoyi ne irin IAR da ke Samaru, amma kai sakamakon binciken bakin gona aikin wanda ke kusa ne. Hukumar bunƙasa noma ta jiha, KNARDA, ba za ta iya sa malami a kowane ƙauye ba. Ƙaramar hukuma za ta iya ɗaukar 'ya'yan yankin da suka karanta aikin gona, ta ba su babur da mai, a san kowa da ƙauyukansa. A fagen noma, hujjar kusanci ta rinjayi, muddin aka raba ta da rabon buhu.

A masana'anta

A nan kuwa masu shakka ne suka fi ƙarfi, idan manyan kamfanoni ake nufi. Duk ciyaman ɗin da ya yi alkawarin farfaɗo da masaƙa, ko ya ɗebi kuɗin jama'a ya ce zai kafa kamfanin hukuma, ya kama hanyar ɓarna. Mun ga yadda kamfanonin gwamnatocin jihohi suka ƙare, balle na hukumar da shugabanta ke sauka bayan 'yan shekaru. Misalin ƙasar Sin ma yana da sirrin da ba a cika faɗa ba: hukumomin can suna cin moriyar ribar da masana'antun yankinsu suka samu, saboda haka arzikin ɗan kasuwa arzikinsu ne. Tamu kuwa daga Abuja abincinta ke zuwa. Ko kasuwa ta cika ko ta watse, kason wata zai sauka. Hukumar da ba ta rasa komai idan kamfani ya rufe, da wuya ta hana idonta barci don kada ya rufe.

Amma masana'antar Kano ba ta tsaya a manyan gine-ginen Bompai ba. Akwai masu casar shinkafa a Kura, masu matsar man gyaɗa, masu ɗinka takalma da ke kai kaya Ƙofar Wambai, marina a Ƙofar Mata, maɗinka da masu surfani, maƙera da 'yan walda da ke ƙera injin niƙa da na sussuka. Su ne suka fi ɗaukar yara aiki, kuma yawancin buƙatunsu suna cikin abin da jadawali na huɗu ya lissafa: fili mai takarda wanda ba za a tashe su gobe ba, titin da mota za ta shiga da damina, magudana, ruwa, kwashe shara, da haraji guda ɗaya sananne da za a biya sau ɗaya a shekara. Har a matsalar wuta an samu 'yar ƙofa. Gyaran tsarin mulki da dokar lantarki ta 2023 sun ba jihohi ikon tsara harkar wuta a cikin iyakarsu. Ƙaramar hukuma ba za ta kafa tashar wuta ba, amma za ta iya tara masu injina a wuri ɗaya, ta ba da filin da mai zuba jari zai kafa farantan sola, ya sayar musu da wuta da rana lokacin da suke aiki. Haka kuma ruwan majemu da ke kwarara kogin Challawa, wanda mutanen ƙauyukan bakin kogi suka daɗe suna kuka da shi: hukunta kamfani aikin jiha da tarayya ne, amma hukumar da ke kusa ce ya kamata ta fara ɗaga murya, ta ajiye shaidar abin da ke faruwa.

A asibiti

Fagen lafiya ne aka fi gwada ra'ayoyin biyu a aikace. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ya kafa kula da lafiya a matakin farko a kan ƙananan hukumomi. Tunanin mai kyau ne, amma da tafiya ta yi nisa sai aka wayi gari ginin na ƙaramar hukuma ne, ma'aikaci na wata hukuma, magani na wata ma'aikata, rigakafi na tarayya, kowa na nuna ɗan'uwansa idan abu ya lalace. Jigawa ta nemi mafita a 2007 da tsarin Gunduma, inda ta haɗa ƙananan hukumominta 27 zuwa gundumomin lafiya 9. A 2011 majalisar lafiya ta ƙasa ta amince a tattara komai ƙarƙashin hukuma ɗaya a kowace jiha. Wannan tarihi yana goyon bayan masu shakka: sayen magani mai inganci da yawa, ajiye allurar rigakafi cikin sanyi, horar da ungozoma da tura ta inda ake buƙata, duk sun fi ƙarfin hukuma ɗaya daga cikin 44.

Sai dai yaƙi da shan inna ya nuna ɗaya fuskar. Kano ta dakatar da rigakafin a 2003, kuma Kano na cikin wuraren da aka yi aikin da ya kai ga ayyana Najeriya ta rabu da cutar a Agustan 2020. Allura da kuɗi daga sama suka zo, amma abin da ya buɗe ƙofofin gidaje shi ne hakimai da dagatai da masu unguwanni, da limamai, da matan unguwa da ke bi gida-gida, da kwamitin da ke zama a sakatariya kowace yamma ana lissafa gidan da aka tsallake. Cutar mashaƙo da ta ɓarke daga ƙarshen 2022, wadda Kano ta fi kowace jiha ɗanɗana kuɗarta, ta nuna abin da ke faruwa idan rigakafin yau da kullum ya yi rauni a unguwa.

Akwai kuma tsarin da ya kamata ɓangarorin biyu su duba. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don lafiya a matakin farko, da nufin kowace mazaɓa ta samu asibiti ɗaya mai aiki. Wani kaso na kuɗin yana shiga asusun asibitin kansa, kuma shugaban asibitin da wakilin kwamitin ci gaban mazaɓa ne ke sa hannu tare. Kuɗin kaɗan ne, amma ya sauka har ƙasa, kuma akwai idon mutanen gari a kansa. Abin da ya rage wa ƙaramar hukuma a bayyane yake: ɗakin kwanan ungozoma a harabar asibiti don ta zauna da dare, sola da rijiyar burtsatse, mai gadi, motar da za ta ɗauki mai naƙuda idan abu ya rikice, irin yadda aka yi da direbobin ƙungiyar NURTW a wasu jihohin Arewa. Sama da duka, ruwan sha mai tsabta, kwata da shara da duba-gari. Amai da gudawa daga rijiya da kwata suke farawa, kuma kwata da shara doka ta ɗora su kai tsaye a kan ƙaramar hukuma.

Inda na tsaya

Ra'ayina shi ne a bi hukuncin kotu, a ba ƙananan hukumomi kuɗinsu. Hujjar cewa za su ɓarnatar ba ta isa dalilin barin kuɗin a inda aka riga aka ga yadda ake yi da shi ba. Ciyaman yana da gida a cikin gari, yana zuwa jana'iza da ɗaurin aure, ana iya tare shi a ƙofar masallaci. Manomin Bunkure ba shi da hanyar ganin gwamna.

Amma tsoron ɗaya ɓangaren gaskiya ne, kuma shi ya kamata ya zama sharuɗɗan miƙa kuɗin. Albashin malamai da na ma'aikatan lafiya a fara cire shi ya tafi asusun masu shi, kada a maimaita 1991. Abin da ya shigo kowane wata da abin da aka kashe a liƙa shi a sakatariya da kowace mazaɓa, a karanta shi da Hausa a rediyo, da sunan aiki da wurinsa da wanda aka ba kwangila. Harajin shago da na kasuwa a haɗe shi ya zama guda, a ɗauke shingayen hanya, a kuma ware wani kaso sananne na abin da kasuwa ta tara ya koma gyaran kasuwar, don hukuma ta fara jin cewa cikar Dawanau ko karar Wudil cikar asusunta ce. Inda aiki ya tsallake iyaka, a haɗa hannu bisa yarjejeniya: Kura da Bunkure da Garun Malam ruwa ɗaya suke sha, shinkafa da tumatir ɗaya suke nomawa, babu dalilin da kowace za ta sayi nata injin gyaran hanya ya kwanta babu mai. Wannan haɗaka ce da su suka zaɓa, sun san abin da kowa ya zuba, ta kuma bambanta da wadda ake yanke musu daga sama.

Aikin kansa kuma a taƙaita shi. Ƙaramar hukuma kada ta zama 'yar kasuwa, kada ta zama dillaliyar taki, kada ta yi gasa da jiha wajen gina babban asibiti. Ta riƙe hanya, kasuwa, fili, ruwa, tsabta, malamin gona da ɗakin ungozoma. Waɗannan su ne abubuwan da jiha ba ta gani saboda ƙanƙantarsu, ɗan kasuwa kuma ba ya yi saboda babu riba a cikinsu, alhali in babu su jarin kowa a banza yake.

Sharaɗin da ya fi kowanne wuya shi ne zaɓe. Wasu na cewa a miƙa shi ga INEC, wasu na cewa a gyara hukumomin zaɓen jihohi a raba su da gidan gwamnati. Ko wanne aka ɗauka, ma'aunin ɗaya ne: ranar da jam'iyya mai mulki ta faɗi a ƙaramar hukuma goma saboda ba a yi aiki ba, aka kuma rantsar da waɗanda suka ci, ranar ce ciyaman zai fara tsoron mai ƙuri'a fiye da mai gida. Gwamnoni ba za su kawo wannan da kansu ba, domin ikonsu ne zai ragu. Masu kawo shi su ne waɗanda abin ya shafa kuma suke da ƙungiya a hannu: manoman shinkafa da masu amfani da ruwan noman rani, 'yan kasuwar hatsi, masu ƙananan masana'antu, ma'aikatan lafiya, kwamitocin mazaɓu, malamai da limamai. Su fara da abu ɗaya da doka ba ta hana kowa ba: su je sakatariya a ƙungiyance duk ƙarshen wata, su nemi a gaya musu nawa ya shigo da abin da aka yi da shi, su kuma koma wata mai zuwa ko an amsa ko ba a amsa ba.